Matacce Ba Ya Sa Hannu

"...to, ya ƙarfin jikin angon nawa? An yini lafiya?"

"Je ki tambayi masu rai," in ji Alhaji Inuwa, ko ɗago kai bai yi ba. "Irinmu sai dai a ce, ya makwanci."

Ummulkhairi ta yi turus a bakin rumfa, kwamfutarta rungume a ƙirji. Ranar Alhamis ce, an idar da sallar azahar, gidan nasu na Unguwar Kanawa ya yi tsit, sai sautin turmi daga maƙwabta. Kakan nata, mahaifin babanta, yana kishingiɗe a tabarma, tabarau a karan hanci, wasu takardu a cinya. A gefensa ga tsohuwar tafiretarsa lulluɓe da ƙyalle. Shekara talatin da biyar ya yi yana buga wasiƙu a ofishin gwamnati, kuma har gobe ba ya yarda wannan inji ya yi nisa da shi.

Takardun da ke cinyarsa kuwa nata ne. Tun da ta gama sakandare ta ɗaukar wa kanta bin tsofaffin dangi gida-gida, daga Rafin Guza har Kawo, tana rubuta wane ya haifi wane, wace aka aura daga ina. Shekara biyu tana wannan wahala. Jibi Asabar za a yi taron zuri'a a raba littafin. Mai ɗab'i na Hayin Banki ya ce in aikin bai iso hannunsa kafin la'asar ɗin yau ba, a nemi wani. Dangi kuma sun kafa sharaɗi: ba a buga ko shafi ɗaya sai babban gida ya karanta ya sa hannu a shafin farko. Babban gidan kuwa ga shi nan a tabarma yana cewa ya mutu.

"Yau kuma da wacce aka tashi?" Ta ajiye takalmi ta durƙusa. "Ka sa hannun ko? Miƙo in wuce."

"Hannu? Wane hannu? A ina kika taɓa ganin matacce ya sa hannu?"

"Tsoho, wallahi yau ba ni da lokacin wasa."

"Ni kuwa lokaci gare ni har tashin ƙiyama. Ungo. Shafi na bakwai, layi na uku. Ki ɗaga murya, kunnen mamaci ba ya ji sosai."

Ta karɓa ta karanta. "Alhaji Inuwa, ɗan Malam Yahaya, ɗan Aminu Maiɗinki..." Ta matso da takardar kusa da idonta. "Allah ya jiƙan rai, ya kyautata makwanci."

"Amin," in ji tsohon, ya shafa. "Mutumin kirki ne. Na san shi."

"Innalillahi! Wallahi ba haka na buga ba!"

"A'a, ni na taso daga kushewa na buga wa kaina. Ai gani ya kori ji, amarya. Kin gaji da jiran gumbata, shi ne kika ce bari ki taimaka wa ajali."

"Gumbarka? Wace gumba za a samu a jikinka, kai da ko a koko ba ka yarda sukari ya ji? Gumbar marowaci ai gero ne da ruwa."

"Ba gumbar kaɗai ba ce. Na daɗe ina lura da irin kallon da kike wa tafiretata."

"Wannan gwangwanin? Ko 'yan jari-bola sai an haɗa su da Allah kafin su ɗauka."

"Gwangwanin nan shi ya ciyar da ubanki har ya yi gemu. Ci gaba da buɗawa, ba ni kaɗai ba ne. Mun yi ayari."

Ta shiga buɗe shafuka. Babanta, wanda ya fita kasuwa da safe da ƙafafunsa: Allah ya jiƙan rai. Baffanta Faruk: Allah ya jiƙan rai. Sai ga Hajiya Asabe, yayar Alhaji da ke Rafin Guza, tsohuwar da ko gaisuwa aka yi mata a gajarce sai ta riƙe mutum shekara guda: ita ma an kyautata mata makwanci.

"Arba'in da ɗaya," in ji Alhaji Inuwa. "Na ƙirga sau biyu. Ko annoba ba ta taɓa yi wa gidan nan irin wannan ɓarna ba. Amma abin da ya burge ni, da kika gama da mu sai kika biyo mu. Duba shafin ƙarshe."

Ta duba. Ummulkhairi, 'yar Nuraddeen, wadda ta tattara wannan littafi. Allah ya jiƙan rai.

"Kin ga soyayya," in ji shi. "Zaman takabata ne ba za ki iya ba."

"Takabarka? Ranar ma lalle zan sa."

Da baki ta faɗa, amma hankalinta na kan taron jibi. Ta hango kanta ranar Asabar a tsakiyar dangi, Hajiya Asabe ta sa jika yana karanta mata nata shafin. Shekara biyu na yawo da tambaya da haƙuri da tsofaffi, duk za su tashi a banza, kuma har ta tsufa sunanta yarinyar da ta kashe dangi.

"Wai ke ba kya duba abin da kike bugawa?" in ji shi.

"Wa ya koya mini? Wa ya riƙa buga mini rula a yatsu yana cewa ido a kan takardar da ake kwafa, ba a kan inji ba?"

"Na ce kada ki kalli yatsunki. Ban ce ki rufe ido ki hallaka zuri'a ba."

"Kuma kai ka ce mai bugu daban, mai dubawa daban."

"Shi ya sa na duba. Ga shi na gano na rasu."

Ta zauna sosai ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta. Manhajar da take rubutu da ita irin wadda mutum ke saita wa yadda yake so ce. Kana iya ɗaure jimla guda a kan maɓallai biyu, da ka danna su tare sai jimlar ta faɗo, ba sai ka buga ta harafi-harafi ba. Ita da kakan nata yanke suke kiran abin. Da ta ga sunaye sun yi yawa sai ta yi wa kanta guda biyu. Kwantirol da M na mamata, ya rubuta: Allah ya gafarta. Kwantirol da R na rayayyu, ya rubuta: Da rai, Allah ya ƙara lafiya. Wata da watanni tana aiki da su ba su taɓa ba ta kunya ba. Jiya Laraba ta buga sashen masu rai gaba ɗaya, idonta a kan littafin da take kwafa, ta fitar a firinta ta ajiye wa tsoho.

"Matso ka gani," in ji ta. "Yanzu zan danna a gabanka, ka ga ba ni da laifi."

Ta buɗe farin shafi ta danna Kwantirol da R. Nan take layi ya faɗo: Allah ya jiƙan rai, ya kyautata makwanci.

"Allahu Akbar," in ji Alhaji Inuwa. "Wa aka yi wa kuma yanzu?"

Ta sake dannawa. Ya sake fitowa.

"Ke, ɗauke hannunki! Akwai maƙwabta a unguwar nan!"

"Wannan ba jimlata ba ce. Ni ban taɓa rubuta makwanci ba."

"To aljani ne. Na faɗa miki tun ranar da aka kawo wannan faranti, abin da ba shi da ƙararrawa ba shi da amana. Tafireta in ta kai ƙarshen layi sai ta yi maka sallama, ƙiling! Wannan kuwa shiru-shiru, irin na macijin ƙaiƙayi."

"Ruwa ba ya tsami banza. Bari in buɗe saiti."

Ta shiga shafin da manhajar ke jera duk yanken da ke cikinta, kowane da maɓallansa a gefe. Ta gangara a hankali har ta iso R. Sai ta ga layi biyu, ɗaya a kan ɗaya, da wata alama mai ruwan ɗorawa a gefensu, alamar umarni biyu sun haɗu a maɓalli ɗaya. Na sama nata ne, ta sa masa suna Masu Rai. Na ƙasa kuwa ba ta san shi ba. In irin haka ta faru, wanda aka saka daga baya shi ke danne na farko.

Ta karanta sunan na ƙasan. Ta ɗago ta dubi kakanta. Shi kuwa ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, gogewa irin ta mai neman lada.

"Tsoho."

"Mamaci ba ya amsawa."

"Aljanin nan ɗan fansho ne?"

"Me kika gani?"

"Sunan yanken, da manyan baƙaƙe: SANARWAR 'YAN FANSHO. An saka shi ranar Talata da hantsi. Ina nake ranar Talata da hantsi?"

"Wa ya san yawonki?"

"Ina kasuwar Kawo, na je sayo maka kuka da daddawa! Wa na bar wa kwamfuta ya ce zai buga takardar ƙungiyarsu? Wa na koya wa yin yanke watan jiya, ya ce abin yara ne?"

"Gidan nan mutum nawa ne a ciki? Kowa na iya shiga."

"Ka ga mai kaza a aljihu. Duba cikin jimlar, bayan aya an bar sarari biyu. Duk faɗin Kaduna mutum nawa suka rage masu barin sarari biyu bayan aya?"

"Da mu biyu ne," in ji shi a hankali.

Ba ta tsaya a kan wannan ba, don nasara ta riga ta hau mata kai. Ta miƙe a kan gwiwoyi tana tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Mutum ya kashe kansa, ya kashe yayarsa, ya kashe 'ya'yansa, ya zo ya zauna yana karɓar gaisuwa! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango nawa!"

"Rage murya. Ni maɓalli na saita, ke kika danna. Maƙeri ya ƙera wuƙa, mahauci ya yanka, wa ke da jini a hannu?"

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsaya ma tukuna. Da ka zo sakawa, wani ɗan akwati bai fito ya gargaɗe ka ba?"

"Ya fito."

"Ka karanta?"

"Ni za ki tambaya ko na karanta? Turancin da na buga a rayuwata ya fi wanda kika ji. Ya ce wurin da mai shi, in maye gurbinsa? Na ce e."

"Don me?"

"Shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, takarda ba ta taɓa zuwa teburina na ce mata a'a ba. Kuma bai faɗi sunan mai wurin ba. Da ya ce Ummulkhairi ce, da sau biyu zan danna."

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Sai ta dubi inuwar katanga, ta ga ta fara miƙewa zuwa bakin rijiya. La'asar ba ta da nisa.

"To shi ke nan. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Zan goge naka."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan maɓallan. "Goge naki."

"R rayayyu ne!"

"R rasuwa ce."

"Ni na riga ka."

"Riga? Yarinya, yatsan nan nawa yana kan R tun ubanki bai iya ɗaura wando ba. Ke baƙuwa ce a wurin. In kika taɓa shi, na koma makwancina, ki nemi wanda zai sa miki hannu."

Ta san shi. In ya kafe, ko jakin Kano ya san ya bar masa. Ta ja numfashi ta sassauta murya.

"Angona. Na kaina. Bari in nemo maka wani harafin, sabo fil, wanda ya dace da darajarka."

"Yauwa, yanzu kika tuna ni mijinki ne. To ba ni F, fansho."

"Da mai shi. Da shi ake neman kalma a cikin rubutu."

"S, sanarwa."

"Shi ke adana aiki. Ka taɓa shi mun shiga uku."

"T, ta'aziyya."

"Shi ke buɗe sabon shafi."

"Z fa? Wannan na can lungu, ba mai zuwa wurinsa."

"Shi ke dawo da abin da mutum ya ɓata."

"A'a, bar wannan. Gidan nan na bukatarsa." Ya gyara zama. "Wai duk harafin da na taɓa da mai shi? Wannan ai neman ɗakin haya ne a Rafin Guza. Ko'ina ka leƙa da tabarmar wani."

"To mu haɗu a M. Ai nawa ma na mamata ne, ka riƙa amfani da shi."

"Wannan addu'ar taki ta rowa? Allah ya gafarta, shi ke nan, kamar ana biyan kalma? Mutum ya yi wa ƙasa aiki shekara talatin, ki sallame shi da kalma uku? Kuma ni ne marowaci!"

"To saurara. Akwai wata dabara. Zan iya sa naka ya yi aiki a cikin takardun ƙungiyarku kaɗai, nawa kuma a cikin littafin zuri'a kaɗai. Maɓalli ɗaya, amma kowa da ɗakinsa."

Ya shiga juya maganar, har ta fara murna. Sai ya girgiza kai.

"Ranar da na yi ɓatan ɗaki fa? In buɗe wasiƙar ta'aziyya a naki ɗakin, in aika wa iyalan mamaci cewa da rai, Allah ya ƙara lafiya? So kike a biyo ni da taɓarya har gida. An gudu daga gara an faɗa gidan zago."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

"Saura hanya ɗaya," in ji ta. "Ka riƙe R ɗinka, amma a ƙara masa 'yan rakiya. Kwantirol, da Alt, da Shif, sannan R. Huɗu a lokaci ɗaya. Ba wanda ke wurin."

"Kawo in gani."

Ya karɓi kwamfutar, ya naɗe hannun riga kamar mai shirin alwala. Ya ɗora ƙaramin yatsa a nan, babban yatsa a can, ya nemi na uku ya rasa inda zai sa shi, ya kawo hannun dama don agaji, hannun ya hau kan na hagu. Wani shafi ya buɗe, wani ya rufe, kwamfutar ta yi ƙara ɗit.

"Ka ga gwanin bugu! Kalma sittin a minti ɗaya!"

"Saba'in! Kuma wannan ba bugu ba ne, kiɗan kalangu ne. Nemo mini maroƙi ya taya ni."

"Kunkuru ya so dambe, ba yatsa."

"Yatsun nan sun buga wasiƙar da ta sa aka kawo famfo unguwar nan, mara kunya."

Inuwa ta kai bakin rijiya. Daga nesa ta ji wani masallaci yana gwada lasifika. Wasan ya fita daga ranta. Ta karɓi kwamfutar ta ajiye tsakaninsu, ta dube shi ba dariya.

"Alhaji, don Allah. Kai da kake zagin yanke, kake cewa aikin malalata ne. Me ya kai ka?"

Ya miƙa hannu ya gyara ƙyallen da ke kan tafireta, duk da ba abin da ya same shi.

"Ni ne sakataren ƙungiya," in ji shi. "Duk wanda ya tafi a cikinmu, ni ke buga sanarwa. Bana kaɗai sau tara na buga wannan layin. Ranar Talata aka aiko cewa Ɗanladi ya cika."

Ta san sunan. Ɗanladi ne tsohon da ke zuwa duk ƙaramar salla a kan keke, su zauna a rumfar nan suna gardamar wanda ya fi wani sauri.

"Teburinsa na jikin nawa shekara ashirin da shida. Takardar kabon ɗaya muke rabawa. Na buga sunansa lafiya lau. Da na zo kan addu'ar, sai yatsun suka ƙi. Na zauna ina kallonsu. Shi ne na tuna dabararki, na kwafo layin daga tsohuwar sanarwa na ɗaure shi a maɓalli, na ce inji ya faɗa a madadina."

Sai yanzu maganar ɗazu ta dawo mata: da mu biyu ne. Ta sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Ban sani ba. Ka riƙe R ɗin. Ni zan matsa, in nemi wani wurin. Ko huɗun nan ne, yatsuna sa iya."

"Kai, kai, kai. Dubi fuska kamar an kwaɓa fura da ruwan zafi. Wa ya ce ki yi mini kuka? Ban mutu ba tukuna, sai a shafi na bakwai." Ya mayar da tabaransa. "Tun safe nake kallon takardun nan. Ƙyat ɗaya, mutum ya tafi. Ƙyat, yayata. Ƙyat, ɗana. Arba'in da ɗaya, ko gumi ba ki yi ba. Ashe haka na yi wa Ɗanladi. Mutumin da bai taɓa taƙaita ko gaisuwa ba, na sallame shi da yatsa biyu." Ya nuna allon da haɓa. "Goge nawa. Ba matsar da shi za ki yi ba, goge shi gaba ɗaya. Addu'ar aboki ba a yi mata yanke. Gobe zan sake buga sanarwar da hannuna, a gwangwanina."

"Ka tabbata?"

"Kafin in canja ra'ayi. Kin san mamaci da saurin fushi."

Ta zaɓi layin ƙasa ta goge. Ɗan akwati ya fito yana tambaya ko da gaske take.

"Ce masa e," in ji shi. "A wannan fannin ni ne gwani."

Alamar ruwan ɗorawa ta ɓace. Ta koma farin shafi, ta yi bisimilla, ta danna Kwantirol da R. Da rai, Allah ya ƙara lafiya.

"Alhamdu lillahi! Saura in dawo da mutane. Jimlarka daban take da tawa ta mamata, don haka zan sa manhaja ta nemo duk inda ta fito ta musanya, a bugu ɗaya."

"Tsaya! Ba a bugu ɗaya ba. Ni za ki fara tayarwa."

"Tsoho, ana shirin kiran salla!"

"Asabe ta riga ni zuwa duniya da shekara uku, kuma tun daga ranar ba ta bar ni na manta ba. Ta riga ni haƙori, ta riga ni aure, ta riga ni Makka. Yau kam ni zan riga ta dawowa. Shafi na bakwai, layi na uku."

Ta je shafi na bakwai ta goge layin. Kafin ta danna, ya ture hannunta, ya ɗora nasa yatsun, ƙarami a Kwantirol, manuni a R, a tsanake irin na wanda ya san aikinsa.

"Alhaji Inuwa, ɗan Malam Yahaya," ya karanta. "Da rai, Allah ya ƙara lafiya. Amin. Sannu da dawowa, Alhaji. Ya hanya?"

"Saura arba'in. In sake su?"

"Bar Asabe ta ƙara minti ɗaya, a huta."

Ba ta saurare shi ba, ta danna. Manhaja ta ce an musanya wuri arba'in. Wannan karon ba ta yarda da kowa ba, har kanta. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya da ido, shi kuma yana leƙe ta kafaɗarta yana kiran sunaye kamar mai kiran rajista, har suka kai shafin ƙarshe suka tarar da Ummulkhairi ita ma ta farfaɗo. Ta adana aikin ta juye a filashi, ta zaro shafin farko ta ɗora masa a cinya, ta miƙa biro.

Ya karɓa, ya duba bakin biron, ya gwada shi a tafin hannu. Sai ya tsaya.

"Tambaya ɗaya. M ɗin nan naki yana nan?"

"Yana nan. Kakannin kakanni sun fi ɗari, ba zan iya ba sai da shi."

"To ranar tawa fa, ta gaskiyar? Da shi za ki sallame ni? Ƙyat?"

Ta dube shi, ta ga yana murmushi, amma biron bai motsa ba.

"Kai?" in ji ta. "Da yatsu goma zan buga maka, harafi-harafi. Doguwar, mai makwanci. Har da sarari biyu bayan aya."

Sai ya fashe da dariya har tabarau na zamewa, ya rattaba hannu, sa hannu mai jela irin na mutanen da. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya. Ta fizge takardar ta zura takalmi.

"Ke, zo nan." Ya laluba aljihun gaba ya fito da dabino ya zuba mata a hannu. "Ungo, ki riƙa tsotsa kina rage zafi. Gumbar da sauran nisa."

Ta buɗe tafin hannu ta duba. "Uku kacal? Mutum ya je lahira ya dawo, tsarabar ke nan?"

"Ba a daɗe da ni a can ba. Yi sauri ki kai, kafin in tuna ban karanta shafi na takwas da kyau ba."